Filin Masu Kiwo: Ɗan tsakon da na saya ruwan ɗorawa, yanzu baƙin gashi yake fitarwa

Assalamu alaikum masu kiwo. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan rabinsu a kan ƙananan kajin nan ne na ado da ake ce wa bantam, waɗanda yanzu suka shiga gidaje sosai, musamman gidajen da akwai yara ko tsakar gidan ba ta da faɗi. To na tsinto waɗanda suka shafi kala na haɗa su wuri ɗaya, don na ga abin yana neman raba abokai, har wani ya rubuto yana cewa zai kai mai kajin ƙara wajen mai unguwa. A yi haƙuri a karanta tukuna.

TAMBAYA: Salam Kawu, dan Allah a taimaka min. Maigidana ya sayo wa yara 'yan tsakin bantam guda shida 'yan kwana uku, biyu ruwan ɗorawa, biyu masu layi-layi a baya, ɗaya baƙi ɗaya toka-toka, yara har sun raba kowa ya zaɓi nasa ya sa masa suna, to yanzu satinsu biyar kullum sai na yi rabon faɗa don ba wanda yake gane nasa, ɗaya daga cikin ruwan ɗorawan ma baƙin gashi ne yake fito masa a ƙirji da fiffike. Wai haka suke ko ciwo ne? Kuma yaushe zan san ainihin kalarsu? Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, ki kwantar da hankalinki ba ciwo ba ne, kuma ba wanda ya canza miki su da daddare. Wannan lallausan gashin da ɗan tsako yake fitowa da shi daga ƙwai kamar haƙoran nono ne na yaro, na ɗan lokaci ne, zai zube wani ya maye gurbinsa, kuma shi ma na biyun ba shi ne na ƙarshe ba.

Ga yadda abin yake tafiya. A satin farko gashin fiffike ne yake fara leƙowa, sai na wutsiya ya biyo, sai kafaɗa da gefen ƙirji, kai da wuya su ne na ƙarshe, shi ya sa a sati uku zuwa huɗu za ki gansu duk sun yi wani muni, jiki ya rufe amma kai na nan da gashin jarirai. Zuwa sati biyar ko shida jiki ya gama rufewa, inda naki suke yanzu kenan. To daga wajen sati bakwai zuwa sha biyu sai su sake zubar da wannan a hankali, ba lokaci ɗaya ba, za ki dai riƙa tsintar ƙananan gasu a akurki in kina shara. Gashin da zai zauna yana kammala ne wajen wata huɗu zuwa biyar, zakara ma wutsiyarsa takan wuce haka kafin ta cika. Don haka in kina son amsa a taƙaice, kafin wata huɗu kowa hasashe yake yi, har ni.

Amma hasashen ma akwai mai tushe, bari mu bi naki ɗaya bayan ɗaya.

Masu layi-layin nan su suka fi sauƙi. In layin mai duhu ne a tsakiyar baya, da farare-farare biyu a gefe, ga wani baƙin zane ya ratsa ta ido kamar an ja kwalli, to wannan ita ce kalar asali, irin ta kazar dajin kudu maso gabashin Asiya wadda duk kajin gida daga ita suka fito. In namiji ne zai tashi da baƙin ƙirji, jan wuya mai sheƙi, wutsiya baƙa mai ɗaukar ido kore-kore in rana ta doke ta, irin zakaran da kowa ya sani dai. In mace ce bayanta zai yi ruwan ƙasa da ƙananan ɗigo-ɗigo, ƙirjinta kuma ya yi ja-ja mai haske. Ki duba layukan gefen da kyau, in suna da ruwan zuma to jan wuya za a samu, in kuwa fari ne tas mai ɗan toka to wuyan fari zai zo maimakon ja. In kuma layin bai fita sosai ba, ya dushe, kan tsakon duk ya yi ruwan ƙasa mai duhu, to macen takan zo da zane-zane masu bin gefen kowane gashi, kuma zanen ba ya fitowa da kyau sai a gashin ƙarshe, kafin nan sai ki ga kamar ratsi ne kawai a kwance.

Ruwan ɗorawa kuwa shi ne ya fi kowa yaudara, don hanyoyi wajen huɗu ne suke fitar da ɗan tsako mai wannan kala. Zai iya zama fari tas, zai iya zama ruwan zuma gaba ɗaya, zai iya zama fari mai baƙin wuya da baƙar wutsiya irin na kajin nan da ake ce wa Barahma, kuma akwai wata kala mai ruwan alkama wadda ina kyautata zaton ita ce taki. A irin wannan, mace da namiji duk ruwan ɗorawa suke fitowa ba bambanci, amma daga sati biyu zuwa huɗu sai namijin ya fara jefo baƙin gashi a fiffike da ƙirji, ita macen ta ci gaba da haske, bayanta ruwan alkama ƙirjinta kamar madara. Kinga kenan wanda yake fitar da baƙin nan akwai alamar zakara ne, ki gaya wa mai shi ya shirya jin cara nan da 'yan watanni.

Baƙin da toka-tokan zan yi maganarsu a amsoshin da ke ƙasa don wasu sun tambaya.

In kina son ganin abin da ke tafe tun kafin ya fito, da safe ki ɗauki tsakon a tafin hannu, ki buɗe fiffiken a hankali ki fuskanci haske, sannan ki hura gashin kafaɗa da na ƙirji. Za ki ga wasu 'yan tsinkaye suna tsirowa daga fata, kowanne a cikin ɗan kwansonsa, bakin wasu ya fara buɗewa gashi ya leƙo. Kalar wannan bakin da ya leƙo ita ce ta gaba. Kar dai yara su ja su, akwai jini a ciki, in ya karye yana zuba kuma 'yan uwansa in suka ga ja sai su yi ta tsattsagarsa.

Maganar faɗan yara kuma, ki ɗaura wa kowane tsako zare mai kala daban a ƙafa, sako-sako, kuma duk sati ki kwance ki sake, don ƙafar tana kauri da sauri, zaren da aka manta yakan nutse cikin nama har ya lalata ƙafa. Ki riƙa ɗaukarsu hoto a waya duk Juma'a, yaran ma za su ji daɗin kallo daga baya.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Na biya kuɗi mai kauri aka kawo min Koshin bantam, irin nan masu gashi har ƙafa, guda huɗu a kan cewa baƙaƙe ne wuluk, da suka iso sai na ga cikinsu fari, ƙasan haɓa fari, yanzu kuma fararen gasu biyu-uku sun fito a bakin fiffike. Na kira mutumin ya ce in jira. Ni dai gani nake an yi min wayo. Wani matashi daga Kaduna.

AMSA: Ɗana, a wannan karon mutumin yana da gaskiya, ka jira ɗin. Baƙar kaza ta asali haka 'ya'yanta suke fitowa, baya baƙi, ciki da ƙasan haɓa fari ko ruwan madara, kuma fararen gasun nan na bakin fiffike abu ne da aka saba gani, yawanci suna zubewa a canjin gashi na biyu baƙi ya maye. In sun kai wata biyar farin yana nan daram, to sai ka koma masa da magana.

Abin da ya kamata ka duba ba cikin ba ne, tsakiyar kai ne. In akwai farin ɗigo a saman kai, to wannan ba baƙi zai zama ba, wake-wake zai zama, ratsin fari da baƙi a kwance a kowane gashi, kuma za ka fara ganin ratsin tun a gashin fiffike na farko. In kuma farin ya yi yawa har ya hau fuska da rabin jiki, tsakon ya zama rabi da rabi, to akwai yiwuwar irin masu rodi-rodi ne, waɗanda kowane baƙin gashi yake ƙarewa da ɗan farin baki. Su waɗannan suna da wata ɗabi'a, suna yara farin yana da yawa, su balaga ya ragu ya daidaita, sannan duk shekara in suka sake gashi farin ya riƙa ƙaruwa har tsohuwar kaza ta kusa komawa fara.

Sai abu na uku da ba zai nuna ba sai wajen wata uku, wato ja ko fari ya fara ɓullowa a wuya da kafaɗar zakara. Wannan ba ya komawa, ƙaruwa ma yake, kuma yana nuna akwai gauraye a jininsu. Ba aibi ba ne in ado kake so, wasu ma sun fi baƙin kyau, amma in don ka fitar da baƙaƙe ka sayar ne to kar ka bar irin wannan zakaran ya hau kajinka.

TAMBAYA: Ina wuni Kawu. Ina da zakara da kaza duk toka-toka, kala ɗaya sak, ta yi kwanci a kan ƙwai goma ta ƙyanƙyashe takwas, amma huɗu ne kawai suka biyo iyayen, uku baƙaƙe ɗaya kuma fari-fari mai dabbare-dabbare. Maƙwabcina yana da baƙin zakara mai tsallake katanga, har mun ɗan yi cacar baki. Shi ne ya ɓata min iri ko? Daga Maraɗi.

AMSA: Malam ka je ka ba maƙwabcinka haƙuri, don ko da ka kulle kajinka a ɗaki ka saka kwaɗo, haka za su haifa. Ita wannan toka-tokar ba kala ce mai zaman kanta ba, baƙi ne aka tsarma. Akwai wata ƙwayar gado da aikinta kenan rage ƙarfin baƙi. Tsakon da bai gaje ta ba ko daga ɗaya cikin iyaye sai ya fito baƙi, wanda ya gada daga ɗaya kawai sai ya fito toka-toka, wanda kuma ya gada daga uwa da uba duka sai tsarmin ya yi yawa ya fito fari-fari da 'yan dabbare. To zakaranka da kazarka kowanne guda ɗaya yake ɗauke da ita, don haka a lissafi cikin kowane huɗu ana sa ran biyu toka, ɗaya baƙi, ɗaya mai dabbare. Naka huɗu da uku da ɗaya ai bai yi nisa ba, kowane ƙwai da rabonsa yake zuwa, lissafin ba ya cika daidai sai 'yan tsakin sun yi yawa. Wannan abu tun farkon shekarun 1900 wasu masana biyu a Ingila, William Bateson da Reginald Punnett, suka yi ta gwada shi a kan wasu kaji masu wannan tokar da ake ce wa Andalus, yana cikin misalan farko da aka fahimci yadda gado yake tafiya a jikin dabbobi.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, in kana son duk 'yan tsakin su fito toka ɗari bisa ɗari, ba toka da toka za ka haɗa ba, baƙi za ka haɗa da mai dabbaren nan da kake raina wa. Don haka ka riƙe shi da kyau, shi ne jarinka.

Akwai dai wata tokar daban, mai haske sosai kamar an yi mata hoda, kala ɗaya tun daga kai har wutsiya ba duhu a ko'ina. Ita wannan in ka haɗa biyu duk 'ya'yan haka za su zo. Yadda za ka bambanta, taka irin gefen kowane gashi yakan ɗan fi tsakiyarsa duhu, kuma wuyan zakaran da bayansa sun fi sauran jiki duhu sosai, wani lokaci kamar baƙi. Suna 'yan tsaki kam bambanta su sai wanda ya daɗe a harkar, shi ma yakan sha ƙasa.

Amma fa ban ce zakaran maƙwabci ba ya ɓarna ba. Kaza tana iya riƙe ruwan zakara a jikinta sati biyu har zuwa uku tana ta saka ƙwai masu ɗa da shi, don haka duk mai son tsabtace iri sai ya killace kazar da zakaran da yake so kamar wata guda kafin ya fara tara ƙwan kwanci.

TAMBAYA: Kawu wai gaskiya ne ana gane mace da namiji daga kala tun ranar farko? Mai sayarwa ya ce min masu duhun duk mata ne. Wata ɗaliba daga Zariya.

AMSA: 'Yata, gaskiya ne amma ba a kowace kaza ba, kuma mai sayarwar nan ya ɗauko dokar wani wuri ya kawo inda ba ta aiki. A kajin ƙwai na gidan gona irin su ISA Brown haka ne, matan suna fitowa ja-ja mazan farare, shi ya sa tun a kwali ake ware su. Baƙaƙen kajin ƙwai ma haka, mazan ne suke da farin ɗigo a ka, su ne suke girma su zama zakarun nan wake-wake da ake kiwo don Sallah. Amma wannan da gangan kamfanoni suka tsara shi. A wajen kaji uwa ce take yanke ko ɗa mace ne ko namiji, saɓanin mutane, kuma akwai wasu kaloli da uwa ba ta iya ba 'ya'yanta mata sai maza kawai. Farin wuya yana ciki, ratsin wake-wake ma yana ciki. To in aka samu jan zakara aka haɗa da kaza mai jinin farin wuya, 'ya'ya mata su biyo uba su yi ja, maza su biyo uwa su yi haske. In kika juya, farin zakara da jar kaza, shikenan dabarar ta rushe, ba za ki gane komai ba. Haka in kaza wake-wake ce zakaran kuma baƙi, duk mai ɗigo a ka namiji ne.

Bantam ɗin da ake kiwo a tsakar gida kuwa galibi an gauraya su, ba wanda ya san kakanninsu, don haka duhu ko haske ba ya nuna komai. Ki jira sati huɗu zuwa shida ki duba zankon kai da leɓen ƙasan baki, na namiji yana riga girma kuma yana riga yin ja, na mace yana nan ƙarami fari-fari har sai ta kusa fara ƙwai. In kika ga wani ja mai duhu yana sheƙi ya fito faci-faci a kafaɗar fiffike, wannan ma zakara ne kusan ba tantama. Daga wata uku kuma gashin wuya da na gindin wutsiya na namiji yana yin tsini ya zubo, na mace bakinsa a zagaye yake.

Iri biyu ne suke karya wannan doka. Sebrait, ƙaramar kazar nan mai baƙin zane a gefen kowane gashi wadda wani Bature Sir John Sebright ya fitar a Ingila farkon shekarun 1800, zakaranta gashin mata gare shi, ba tsini ba doguwar wutsiya, sai dai ki gane shi ta zanko da cara. Ita kuma 'yan tsakinta duhu suke fitowa, wanda bai sani ba ba zai taɓa cewa za su yi wannan kyan ba. Sai Silki, kazar nan mai laushin gashi kamar auduga, wadda ita kam ko masu ita sukan kai wata huɗu ko biyar suna musun mace ce ko namiji, wani lokaci sai ƙwai ko cara ne yake raba gardama.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Farar Silki gare ni, ba ni da zakaranta sai na bar ta da wani farin zakaran gida ƙarami, na ɗauka fari da fari ai fari za a samu. Wallahi ko ɗaya bai zo fari ba, akwai baƙi akwai mai ja, kuma gashinsu duk irin na kajin gida ne ba laushin nan. Ina laushin ya tafi? Wani magidanci daga Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Fari a jikin kaza rufi ne, akwai wata kala a ƙarƙashi da ba ka gani. Kuma farin iri biyu ne. Akwai mai ƙarfi irin na kajin nama na gidan gona, wanda ko daga ɗaya cikin iyaye aka gada yana danne baƙi, sai dai ka ga 'yan ɗigon baƙi jefi-jefi kuma ja yakan ɓullo ta cikinsa. Akwai kuma mai rauni, wanda sai an gada daga uwa da uba duka yake nunawa, kuma yawancin fararen Silki wannan ne da su. Shi kuma zakaranka na gida, Allah kaɗai ya san ta inda nasa farin ya biyo, wataƙila ma ba farin rufi ba ne, farin wuya ne da haske ya yi masa yawa. Tunda ba iri ɗaya suke ɗauke da shi ba sai rufin ya yaye, abin da ke ɓoye a jinin kakanni ya fito fili.

Laushin gashin ma haka yake, sai an gada ta ɓangare biyu. Gashin Silki ba shi da 'yan ƙugiyoyin nan da suke kama zaren gashi su haɗe shi, shi ya sa yake watse kuma ba ta iya tashi, ruwa ma in ya dake ta har fata yake kaiwa. 'Ya'yan nan naka suna ɗauke da shi a ɓoye, in ka mayar da ɗaya daga cikin mazan kan wata Silki kusan rabin jikokin za su dawo da laushi. Amma ka ɗaga ƙafafunsu ka ƙirga yatsu, za ka tarar da yawa biyar ne da su maimakon huɗu, ka buɗe gashi ka duba fata za ka ga duhu-duhu, wasu da ɗan tukku a ka, waɗannan su ne abubuwan Silki masu ƙarfi da ba sa ɓuya.

Tunda an zo nan, mai kaza fingi ma ya saurara. Ita murɗewar gashi tana nunawa tun satin farko, gashin fiffike yana fitowa ya lanƙwaso waje. Amma kar a haɗa fingi da fingi, kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan gashinsu yakan zo a bushe yana karyewa har su zama kusan tsirara, sanyin hunturu ya yi ta wahalar da su. A haɗa fingi da mai kwantaccen gashi, rabi za su zo fingi lafiya lau.

TAMBAYA: Kawu na saya wa ɗana 'yan tsaki a bakin titi, ɗaya kore ɗaya ruwan hoda, yaron da ke tallan ya ce bantam ne na ƙasar waje haka kalarsu take. Yanzu farin gashi ke fitowa kuma girma suke kamar ana hura su. Daga Katsina.

AMSA: Malam galura ce. Babu kazar da Allah ya halitta kore shar ko ruwan hoda irin na alawa, kaloli biyu ne kacal jikin kaza yake sarrafawa, baƙi da ja, duk sauran da kake gani daga tsarma su ne ko rufe su ko yadda aka jera su a kan gashi, koren da ke wutsiyar zakara ma sheƙi ne kawai na haske a kan baƙi. Abin da ka saya galibi mazan kajin ƙwai ne da ake samu da araha a rina su, zuwa sati huɗu ko biyar rinin zai tafi tare da gashin farko. Ka ci gaba da ba su abinci, nama ne. Bantam na gaske ko ya tsufa da wuya ya wuce kilo ɗaya, Serama ta Malesiya ma ko rabin kilo ba ta cika kaiwa ba, ƙwansu kuma kusan rabin na kazar gidan gona ne. Gaba in za ka saya ka ce a nuna maka uwa da uba, da idonka ko a bidiyo, wannan ya fi duk rantsuwar mai talla.

TAMBAYA: Kawu baƙar kazata da na yi ta alfahari da ita shekara ɗaya da rabi yanzu ta koma wani ja-ja kamar tsohon yadi, 'ya'yanta kuma 'yan sati bakwai akwai fari-fari a tsakiyar gashin fiffikensu wanda da babu. Dusa nake ba su da ɓarzajjen gero. Wata 'yar uwa daga Sakkwato.

AMSA: 'Yar uwa matsala biyu ce daban. Ita uwar rana ce ta cinye ta, gashi in ya gama fitowa matacce ne ba ya gyara kansa, ranar bazara irin ta Sakkwato kuwa tana ƙona baƙi ya koma ruwan ƙasa, fari kuma ya yi ɗorawa-ɗorawa. A shekarunta ma lokacin sake gashi ya yi, za ki ga ta fara zubarwa daga wuya, ta rage ƙwai ko ta daina gaba ɗaya na wasu makonni, sabon da zai fito baƙi wuluk zai zo. Ki yi mata rumfa ko ki mayar da akurkin ƙarƙashin bishiya.

Su yaran ne suka fi damuna. Fari a bakin fiffike tun daga farko ba komai ba ne kamar yadda na gaya wa ɗan Kaduna, amma fari ya ratsa tsakiyar gashin da ya fara da baƙi, ga abinci dusa da gero kawai, wannan yana kama da ƙarancin abinci mai gina jiki. Gashi kusan duk furotin ne, kuma ɗan tsako a wata uku na farko yana ta ƙera gashi ne ba hutawa, in abin da ake buƙata ya gaza sai kalar ta yanke a daidai wurin da ya tsiro a kwanakin yunwar, wani lokaci har ki ga siririn layi a kwance inda gashin ya yi rauni yana karyewa. Ki sayi abincin 'yan tsaki na buhu, ana aunawa a mudu ko kilo a shagunan kayan kaji ba sai kin ɗauki buhu guda ba, wanda furotin ɗinsa ya kai kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, in ɓarzajje ne mai manyan ƙwayoyi ki ɗan daka don bakin bantam ƙarami ne. In kuɗi bai kai ba ki haɗa dusar da garin ƙuli-ƙuli mara gishiri da yaji, da garin busasshen kifi kaɗan, ki bar su su yi kiwon gara da ƙwari da yamma kina kusa saboda shirwa. Gashin da ya riga ya ɓaci ba zai gyaru ba, sai wanda zai fito bayansa, kuma tunda sati bakwai suke yanzu ne ma za su shiga canji, kin zo a kan gaɓa. Ki kuma ɗaga fiffike da daddare da tocila ki duba gindin gashi da kewayen dubura ko akwai ƙwarƙwata, in kin gani ki je wajen likitan dabbobi ya ba ki hodar da ta dace da ƙananan kaji, kar ki fesa musu maganin sauro.

Masu tambaya a kan rigakafin Lasota, wato na cutar kaji ta Newcastle, da na cutar Gumboro, da mai tambayar ko a saka wa kazar gida ƙwan bantam ta kwanta, saƙonninku sun iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.